Tarihin Rayuwata (Kashi na 11): Shekarar da na fara shuka abin da ba a ci

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bin wannan tarihi. A makon jiya na tsaya a inda Malam ya gama katange mini ɓangarena, bayan an raba mana tukunya da uwargidana, wadda nake kira Yaya. Yau zan ba ku labarin ɗan filin da ya rage tsakanin bayan ɗakina da katanga, domin har yanzu in za a yi kwatancen gidanmu ga baƙo, cewa ake yi gidan mai fulawa, wato furannin ado.

Garinmu yana ƙasar Ringim, kuma duk wanda ya san yankin ya san ƙasarmu rairayi ce, kafin ka ajiye bokiti ta shanye abin da ka zuba. A irin wannan wuri, duk abin da mace ta shuka a cikin gida sai ya kasance yana da aikin yi. Zogale na kwaɗo ne, kuɓewa da yakuwa na miya, lalle na ƙunshi, ɗoɗɗoya ta magani. Ba wanda ya taɓa zama ya kafa wannan doka, amma a kanta kowa ya tashi.

Ƙanin Malam, autan Inna, shi ya kawo abin. Yana zuwa cin rani Kano, kuma a shekarar 2016 ya samu aikin ban ruwa wurin masu sayar da fulawa a bakin titi a Nasarawa. Da shamuwa ta fara sauka, 'yan cin rani suka fara dawowa sharar gona, sai ga shi da buhu a kafaɗa. A ciki akwai 'yan tsirrai a ledojin fiya wata, da yankakkun rassa, da iri a ƙulle cikin takarda.

Ya ce, "Matar Yaya, ga tsarabarki. Na san ke ce za ki kula da su."

Inna tana kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta ɗauki leda ɗaya ta jujjuya, ta shinshina, ta ce, "Auta, wannan kuma miyar me ake yi da shi?"

"Ba a ci, Inna. Na kallo ne."

"Na kallo. To wa zai riƙa ɗauko masa ruwa?"

Tambayar Inna a kan hanya take. A lokacin ba mu da rijiyar burtsatse mai sola, famfon tuƙa-tuƙa ne duk unguwa ta dogara da shi, yara su yi layi tun asuba, kuma in rani ya yi nisa sai an daɗe ana tuƙawa kafin ruwa ya fito. Da dare Malam ya ce mini, "Ban hana ki ba. Amma ruwan randa na mutane ne da dabbobi." Na ce na amince. A kan wannan sharaɗi na tsaya har yau, kuma shi ya tace mini abin da zan iya riƙewa da abin da ba na gidan nan ba ne.

Damina ba ta ba ni wuya a farko ba. Na haɗa rairayi da takin awaki na turken bara, wanda ya riga ya yi baƙi ya huce, domin Auta ya gargaɗe ni cewa ɗanyen kashin kaji yana da zafi, ƙone saiwa yake yi. Na tara tsohon bokiti, da fasasshen kasko, da jarkar da aka yanke, da gwangwanayen madara, na huda gindin kowanne da ƙusa. Irin da ke cikin takarda, ziniya da marigol, cikin mako guda suka tsiro. Akwai wata mai ganye mai sheƙi da fure fari ko ruwan hoda, wadda daga baya na karanta a waya cewa asalinta daga tsibirin Madagaska ne. Akwai kuma wata mai rarrafe da yara suka sa wa suna mai ƙarfe goma, saboda sai hantsi ya dubi ludayi take buɗewa, kafin la'asar ta rufe. Ita ko karya reshenta ka yi ka soka a ƙasa, kamawa take yi.

Kaji ne suka fara nuna mini cewa akwai aiki a gaba. Ƙasa mai taki da danshi ita suke nema, kuma ba su san tsiro ba. Na sa yara suka yanko mini ƙayar magarya na kewaye wurin, na rufe ƙananan da tsohon gidan sauro. Sai marka ta shigo a watan Agusta, sama ta yini a rufe, ruwa na bin ruwa. A nan ne amfanin hujin gindin bokiti ya fito, domin tsiro na mutuwa da yawan ruwa kamar yadda yake mutuwa da rashinsa, kuma mutuwar yawan ruwa ba ta da magani, daga ƙasa take farawa kafin ka gani a ganye.

Wani abu ya faru a ƙarshen wannan damina da har yanzu ake tuna shi a gidan. 'Yar Yaya ta biyu, wadda take manne da ni tun zuwana, ta kai wa Malam abinci gona, ta dawo da murnarta ɗauke da wani fure mai ruwan hoda, da saiwarsa da komai. Ta ce, "Anti, na samo miki wanda ya fi naki kyau, ki dasa." Gaskiya ta faɗa, ya fi nawa kyau. Amma da Malam ya shigo ya gan shi a hannunta, fuskarsa ta canza. Ƙuduji ne, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ya zaunar da ita ya nuna mata yadda saiwarsa ke manne wa saiwar gero da dawa tana tsotse su tun kafin ya leƙo sama, yadda gero ke tsumburewa alhali an yi ruwa, da yadda irinsa, wanda bai fi ƙura girma ba, yake kwanciya a ƙasa sama da shekara goma yana jiran a shuka hatsi. Ya ce gonar da ta gaji ta rasa taki ita ya fi kamawa, kuma wanda ya bar shi ya yi fure ya zubar da iri ya cuci kansa ya cuci maƙwabcinsa. A murhu aka jefa shi. Yarinyar ta yi kuka, ni kuma na cire mata ziniya ja na soka mata a kitso. Tun daga ranar, in lokacin furensa ya yi, ni nake tara yaran gidan in tura su gona su tuge shi kafin ya zuba.

Kaka lokacin tara iri ce. Ina barin kawunan ziniya da marigol su bushe a jikinsu, in murje, in shanya a inuwa, in zuba a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari. Fara kan yi ɓarna, amma sauran aikin gida da na sussuka ba ya barin mutum ya zauna gadinta. A lokacin ne kuma ake tsinkar zoɓo, wanda Jigawa ta yi suna da shi, 'yan kasuwa su loda manyan motoci har a kai shi ƙasar Meziko. Ziniya da marigol kuwa daga can Meziko asalinsu yake. Na faɗa wa Malam haka, ya yi ta mamaki, ya ce ashe musaya ake yi.

Da hunturu ya sauka, rannan Inna ta dawo daga unguwa da wani gutsuren reshe mai kauri, toka-toka, babu ganye ko ɗaya, ta naɗe shi a tsumma. Ta jefa shi gabana ta ce, "Tunda kin nace sai kin yi kallo, ga wadda ba ta roƙon ruwa. Kada ki bari ruwanta ya taɓa idonki, kada yaro ya kai ta baki, dafi ce." Kariya ce, daga wani kufai ta yanko ta. Ta ce in ajiye ta a inuwa bakin yankan ya bushe tukuna, sannan in soka a rairayi zalla, in manta da ita. Haka na yi. Kariya tana tara ruwa a kututturenta, tana zubar da ganye in rani ya shigo, sannan a lokacin da duk gari ya yi fari fat da ƙura, ta fito da fure ja mai haske a kan rassan da babu ganye. Akuya ba ta kula ta. Abin da ke kashe ta ɗaya ne, a tausaya mata da ruwa.

A nan na fahimci Inna ta fi ni sanin fure, ba ta dai kiransa abin ado. Ita da shi take lissafin shekara. In gawo ya fara sabon ganye a lokacin da sauran itatuwa ke zubarwa, ta ce ruwa ya tafi ke nan. In ƙamshin furen darbejiya ya cika tsakar gida da dare, ta ce a gyara shimfiɗa a waje, zafi ya iso. In kuka ta sako fararen furanninta masu reto, ta ce a fito da irin gero a duba. In bado ya rufe kududdufi, damina ta kai ƙarfinta. Har Allah Ya karɓi ranta ba ta canza ra'ayi a kan fulawar birni ba, kullum cewa take ɓarnar ruwa ce. Allah Ya jiƙanta da rahama. Ni dai ina ganin ido ma yana da rabonsa a gida, musamman ga macen da a cikin katangar nan take wuni take kwana. Amma a batun ruwa ita ke da gaskiya, kuma bazara ce ta tabbatar mini.

A watan Afrilu zafi a wajenmu yakan haura 40 a ma'auni. Iska ta busa da zafi, gwangwani ya ɗauki rana har ba ya taɓuwa, saiwar da ke ciki ta dahu. Abu na farko da na yanke shi ne ba zan yi kokawa a kan masu shekara ɗaya ba. Ziniya da marigol lokacinsu ya wuce, irinsu yana kwalba, su tafi. Waɗanda na tsaya a kansu su ne lalle, da zogale, da kariya, da 'yar Madagaskan nan mai jure rana, da boganbiliya mai ƙaya da na jingina wa katanga. Ita boganbiliya ma a rani ta fi yin fure, in ka cika mata ruwa sai ta yi ta ganye kawai.

Daga nan na fara bin ruwan da ke fita daga gidan ina tantance shi. Tsarin da aka wanke surfe na awaki ne, ban taɓa shi ba. Ruwan wanki mai omo yana ƙona ganye yana kuma lalata ƙasa, sai dai na ɗaurayar ƙarshe, shi ma zogale da boganbiliya kaɗai nake ba. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo kiyashi yake tarawa. Wanda ya fi kowanne shi ne ruwan alwala. Babu sabulu, babu maiƙo, kuma sau biyar yake zuwa a yini ko ana ruwa ko ba a yi. Na ajiye daro a inda nake alwala, Malam ma in ya yi a gida a ciki yake yi, daga baya Yaya ta ce yaranta su riƙa kawo nasu. Ba na zubawa da rana, sai bayan magariba, ƙasa ta kwana da sanyinsa.

Don kada rairayi ya shanye a banza, na aika aka sayo mini ƙananan tuluna a kasuwar Gujungu, na haɗa da masu tsaga da aka daina amfani da su, na binne su har wuya a gindin lalle da boganbiliya. A ciki nake zuba ruwan in rufe bakin da murfi saboda sauro, shi kuma ya riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu a hankali, daidai inda saiwa take. Na kafa zana ta ɓangaren yamma don tare ranar la'asar. Na baza ƙaiƙayi a gindinsu ya riƙe danshi, sai dai wannan yana kiran gara, don haka nake barin tazara tsakaninsa da kututture, in zagaye da toka, in riƙa ɗagawa ina dubawa.

Wannan ne ya sa nake jin ciwo duk lokacin da na wuce wurin alwala na masallaci ko makaranta, ko bakin famfo, na ga ruwa ya kwanta ya yi kore, sauro na haihuwa a ciki, yara na tsallakawa. Da za a ja masa 'yar hanya zuwa gindin lalle ko zogale, a kewaye da ƙaya har su fi ƙarfin akuya, da wurin ya bushe, an samu ganye, an samu ƙamshi. Na faɗa wa Malam, shi kuma ya kai maganar ga masu kula da masallacin unguwarmu, aka dasa zogale a bin magudanar. Yanzu matan unguwa har aikowa suke a tsinko musu.

Lallena ya yi fure a wannan shekarar dab da saukar ruwa, ƙanana masu ɗan fari, ƙamshinsu har ɗakin Yaya. Daga shi ne aka fara aiko mini yara da roƙon reshe, kuma da bikin ƙanwar Malam ya zo, ganyensa aka daka aka yi wa amarya ƙunshi. A haka filin ya ci gaba da cika shekara bayan shekara, har daminar 2022, da ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Jigawa, ta iso ƙasar Ringim, ta kwantar da katangar bayan ɗakina a kan duk abin da na shuka. Yadda muka fita da yara a daren, da inda muka zauna kafin ruwa ya janye, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.