Ƙaura daga MySQL 5.7 zuwa 8.0: wuraren da ake yin tuntuɓe

Tun watan Oktoban 2023 kamfanin Oracle ya daina fitar da gyara ga MySQL 5.7, manhajar sarrafa rumbun bayanai, sigar ƙarshe ita ce 5.7.44. Duk wata kafa ta tsaro da aka gano bayan nan, a buɗe take a sabar da ke kan wannan siga. Ita ma 8.0 wa'adinta Afrilun 2026 ne, don haka masaukin gaskiya shi ne 8.4. Sai dai ba a tsallake: mai 5.6 sai ya bi ta 5.7, mai 5.7 sai ya bi ta 8.0, sannan 8.4. Kuma mafi yawan wahalar tana tsakanin 5.7 da 8.0.

Kafin komai, buga `SELECT VERSION();` ka ga abin da ke hannunka. Idan ka ga kalmar MariaDB a amsar, wannan rubutun ba naka ba ne. XAMPP da mutane da yawa ke koyo da shi ya daɗe da komawa MariaDB, kuma ita da MySQL 8 sun raba hanya sosai.

Hanya biyu ce. Ko dai ka ɗora sabuwar manhajar a kan tsoffin fayiloli a saba ɗaya, ko ka kafa sabuwar saba daban ka kwashe bayanan zuwa can. Ta farkon ta fi sauri, amma ga inda gizo ke saƙa: a 8.0 an soke fayilolin `.frm` da ke riƙe da tsarin kowane tebur, an mayar da komai cikin `mysql.ibd`. Da zarar 8.0 ta tashi a kan fayilolin 5.7, ta sauya su ke nan, 5.7 ba za ta ƙara iya karanta su ba. Babu komawa baya sai da kwafin ajiya. In kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar sauyin, ka shiga uku. Shi ya sa duk wanda ke da halin samun saba ta biyu, ko ta haya ce ta mako guda, ya bi hanya ta biyu. Tsohuwar tana nan daram ba a taɓa ta ba, in abu ya ƙi sai a koma mata. Wanda dole ta sa shi bin ta farko, ya ba da `SET GLOBAL innodb_fast_shutdown=0;` kafin ya kashe 5.7, sannan ya kwafe babban fayil ɗin bayanan gaba ɗaya zuwa wani faifai. Daga 8.0.16 ba a buƙatar `mysql_upgrade`, sabar da kanta take yin aikin a tashin farko.

Akwai mai bincike a cikin MySQL Shell wanda bai kamata a tsallake shi ba:

```
mysqlsh -- util check-for-server-upgrade root@localhost:3306 --config-path=/etc/mysql/my.cnf
```

Zai jero kurakurai, gargaɗi da sanarwa. Kurakuran dole a gyara su tun a 5.7: teburan MyISAM (tsohon injin ajiye tebur) da aka rarraba kashi-kashi, sunan da ya wuce haruffa 64, teburan da `.frm` ɗinsu ya rabu da bayanansu. Amma ka sani, rumbun kawai yake dubawa. Bai san abin da ke rubuce a cikin manhajarka ba, kuma a can rabin matsalar take.

Kada ka ɗauki tsohon `my.cnf`, wato fayil ɗin saitunan saba, ka liƙa wa sabuwar saba. An cire `query_cache_size` da `query_cache_type`, saitunan ma'ajiyar tambayoyi, gaba ɗaya, haka `innodb_file_format` da `innodb_large_prefix`. Layi ɗaya daga cikinsu ya isa ya hana sabar tashi, sai ka tarar da `unknown variable` a fayil ɗin kurakurai. Haka `NO_AUTO_CREATE_USER` a cikin `sql_mode`. Fara da fayil ɗin da ya zo da 8.0, ka riƙa ƙara abin da ka san dalilinsa, kamar `innodb_buffer_pool_size` da `max_connections`. Abu ɗaya ne sai an tsayar da shi tun kafin tashin farko: `lower_case_table_names`. A Windows 1 ne, a Linux 0 ne, kuma 8.0 ba ta yarda a canza shi bayan an kafa rumbun. Manhajar da aka rubuta a Windows tana kiran tebur `Dalibai` a nan, `dalibai` a can, za ta ce babu teburin idan ta koma Linux.

Kwashe bayanan kuwa:

```
mysqldump -u root -p --single-transaction --routines --events --hex-blob --default-character-set=utf8mb4 --databases makaranta kudi > kwafi.sql
```

`--routines` da `--events` ba sa zuwa da kansu, in ka manta su sai bayan kwanaki za a lura wani aikin dare ya daina gudana. `--single-transaction` teburan InnoDB (injin ajiye tebur na asali) kawai yake karewa. In akwai MyISAM da ake rubutu a ciki, a tsayar da manhajar tukuna. Ambaci rumbunan da kake so da sunansu, kada ka haɗa da rumbun `mysql` na tsohuwar saba, don tsarinsa ya bambanta da na sabuwar. In da `mysqldump` na 8.0 kake jan bayanai daga 5.7 kuma ya koka da `Unknown table 'COLUMN_STATISTICS'`, ƙara `--column-statistics=0`. A yi aikin a cikin `tmux` ko `screen`, saboda in layin intanet ya yanke kada umarnin ya mutu a rabi. Ka kuma duba layin ƙarshe na fayil ɗin: in babu `Dump completed`, kwafin bai cika ba, ko da girmansa ya burge ka. Rumbun da ya kai gigabait ɗari ko fiye, `mysqldump` zai ci yini wajen lodawa. A nan `util.dumpInstance()` da `util.loadDump()` na MySQL Shell sun fi, domin suna aiki da hannaye da yawa a lokaci guda. Suna buƙatar a kunna `local_infile` a sabuwar saba.

Masu shiga rumbun ana kwashe su daban, da `SHOW CREATE USER` da `SHOW GRANTS`, ko da `pt-show-grants` na Percona Toolkit. A ƙirƙire su kafin manhaja ta fara aiki, domin duk wani tsarin aiki da aka ajiye a rumbu yana ɗauke da sunan mai shi a `DEFINER`, in babu shi sai kuskure mai lamba 1449. Tsohon salon `GRANT ... IDENTIFIED BY` ya mutu, yanzu `CREATE USER` ne farko sannan `GRANT`. Sai batun kalmar sirri: 8.0 tana amfani da `caching_sha2_password`, wanda PHP ƙasa da 7.4 bai san shi ba. Alamar ita ce `The server requested authentication method unknown to the client`. Maganin gaggawa shi ne `ALTER USER ... IDENTIFIED WITH mysql_native_password BY ...`, amma bashi ne ka ci, za a zo karɓa.

Yanzu ga wurin da ya fi shafar masu ajiye rubutun Hausa, kuma a nan ake yin ɓarnar da ta fi wuyar gyara. Tsarin haruffa na asali a 5.7 shi ne `latin1`, wanda babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, babu ƴ, babu alamar naira a cikinsa. To ta yaya shafuka suka yi shekaru suna nuna waɗannan haruffa daidai? Sa'a ce. Manhajar tana tura rubutun UTF-8, layin haɗin yana kan `latin1`, gurbin ma `latin1`, don haka sabar ba ta taɓa komai ba: yadda bait-bait suka shiga haka suke fitowa. Harafin ƙ bait biyu ne, C6 da 99. Ita sabar a ganinta haruffa biyu ne, Æ da ™, amma tunda babu mai tambayar ta, asiri a rufe.

A 8.0 tsarin asali ya koma `utf8mb4`. Manhajar da ba ta taɓa faɗin tsarin da take so ba, yanzu za ta samu layi mai `utf8mb4`, sabar kuma za ta yi mata karamci ta fassara abin da ke gurbin. Sai ka buɗe shafi ka ga Æ™asa a maimakon ƙasa, É—aya a maimakon ɗaya. Nan ne mutum cikin firgici yake buga `ALTER TABLE ... CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4`, ya tabbatar da ɓarnar: C699 ya zama C386E284A2, an rubuta shirmen a faifai.

Fara da gano cutar. `SELECT HEX(take) FROM labarai LIMIT 5;` a kan layin da ka san akwai ƙ. In gurbin `latin1` ne kuma ka ga C699, rubutun lafiyarsa ƙalau, lakabin ne kawai ba daidai ba. Gyaran mataki biyu ne: a cire lakabin ba tare da fassara ba, sannan a sa na gaskiya.

```
ALTER TABLE labarai MODIFY take VARBINARY(255) NOT NULL;
ALTER TABLE labarai MODIFY take VARCHAR(255) CHARACTER SET utf8mb4 NOT NULL;
```

Gurbin `TEXT` ta `BLOB` ake bi da shi. Maimaita `NOT NULL` da `DEFAULT` a kowane mataki, in ba haka ba `MODIFY` zai zubar da su, kuma fihirisar `FULLTEXT` sai an sauke ta kafin a fara. A kula da tebur mai gauraye. Rumbun da ke Nijar ko Kamaru, inda Faransanci ke zaune kusa da Hausa, yana iya samun layukan da é ɗinsu na `latin1` ne na gaskiya, bait ɗaya E9, kamar a Tillabéri. Wannan bait shi kaɗai ba halastaccen UTF-8 ba ne, mataki na biyu zai tsaya da kuskure ko ya datse rubutun. Irin waɗannan layuka a zaƙulo su a gyara su daban kafin a taɓa gurbin. In kuma abin da ka gani a HEX shi ne 3F, wato alamar tambaya, harafin ya salwanta tun ranar da aka shigar da shi, babu umarnin da zai dawo da shi.

Shawara a nan: kada a haɗa wannan aiki da ranar ƙaura. A sa manhajar ta faɗi `latin1` ƙarara a layin haɗinta, a ƙaura, komai ya lafa, sannan a ware wata rana don haruffa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ranar da aka zo gyaran haruffan, abu biyu kan biyo baya. Tsoffin tebura masu tsarin `COMPACT`, waɗanda aka gada tun 5.5 ko 5.6, iyakar fihirisarsu bait 767 ne, alhali `VARCHAR(255)` a `utf8mb4` bait 1020 ne. `ROW_FORMAT=DYNAMIC` yana ɗaga iyakar zuwa 3072. Na biyu, sabon tebur zai zo da `utf8mb4_0900_ai_ci`, tsoho yana kan `utf8mb4_general_ci`, haɗa su a tambaya ɗaya sai `Illegal mix of collations`. Zaɓi ɗaya ka bi da kowa a kai.

Cikin manhajar, nemo kalmomin da 8.0 ta keɓe wa kanta: `rank`, `groups`, `rows`, `system`, `window`, `lead`, `over`, `function`. Kusan kowace manhajar sakamakon jarrabawa tana da gurbi mai suna `rank` na matsayin ɗalibi a aji. Bayanan za su lodu lafiya, domin `mysqldump` yana killace sunaye, amma `SELECT rank FROM sakamako` zai faɗi da kuskure 1064. Ko a killace sunan da alamar da ke ƙarƙashin maɓallin Esc, ko a canza shi. Wanda ya fi wannan sharri shi ne `GROUP BY`: a 5.7 yana jera sakamako da kansa, a 8.0 ya daina, kuma babu kuskuren da zai fito. Rahoto ne kawai zai zo a hargitse, watan Maris a gaban Janairu. Duk inda jeri ke da muhimmanci, a rubuta `ORDER BY`. Kwanan wata na `0000-00-00` kuma, in an sassauta `sql_mode` a tsohuwar saba don ya wuce, sabuwar za ta ƙi shi. Mayar da su `NULL` ya fi sake sassautawa.

Akwai waɗanda ba sa magana sai sun yi ɓarna. A 8.0 ana kunna `binlog`, wato rajistar duk sauyin da aka yi a rumbu, da kansa, yana ajiye na kwana 30, wato daƙiƙa 2592000 a `binlog_expire_logs_seconds`. Lodin rumbu mai gigabait 40 zai iya cin kusan ninki biyu a faifai, don haka a sa `SET sql_log_bin=0;` a zaman lodin, ko a rage kwanakin. `event_scheduler` ma a kunne yake zuwa, ma'ana ayyukan da ka kwaso da `--events` za su fara gudu a sabar gwaji, har da masu goge tsoffin layuka. Kashe shi har ranar sauyi. Sai agogo: sabar haya galibi a kan UTC take, Najeriya da Nijar suna gaba da awa ɗaya. Gurbin `TIMESTAMP` zai nuna lokaci da ragin awa guda, `NOW()` kuma zai riƙa rubuta lokacin da ba naku ba a `DATETIME`, cinikin ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare ya faɗa lissafin jiya. A loda teburan lokaci da `mysql_tzinfo_to_sql /usr/share/zoneinfo | mysql -u root -p mysql`, a sa `default-time-zone` ya dace da na tsohuwar.

Ƙaramin rumbu, a tsayar da manhaja da dare, a kwafa, a loda, a juya. Babba wanda ba zai jure rufewar sa'o'i ba, a mayar da 8.0 mabiyiyar 5.7, tana kwafar duk sauyin da aka yi a can: a kunna `log_bin` a tsohuwar, a ba kowacce `server_id` nata, a ɗauki kwafin da `--master-data=2`, a haɗa su da `CHANGE REPLICATION SOURCE TO`. Daga tsohuwa zuwa sabuwa ne ake goyon baya, ba akasin haka ba. Ranar sauyi a sa `super_read_only=ON` a 5.7, a jira `Seconds_Behind_Source` ya sauka sifili, sannan a juya manhajar. Wajen tantancewa a yi `COUNT(*)` na gaske a manyan tebura ta ɓangarorin biyu, da jimillar gurabun kuɗi. Adadin da ke `information_schema` kiyasi ne, a 8.0 ma yakan kwana ɗaya bai sabunta ba. A gudanar da `ANALYZE TABLE`, a kunna rajistar tambayoyi masu jinkiri, domin waɗanda ma'ajiyar tambayoyi ta 5.7 take rufa wa asiri yanzu za su fito fili.

A bar tsohuwar saba a kulle, ba a goge ba, har a wuce ƙarshen wata ɗaya, tunda akwai rahotannin da sai lokacin albashi ko rufe lissafi ake taɓa su. Kafin a ɗaga ƙafa zuwa 8.4 kuma, a buga `SELECT user, host, plugin FROM mysql.user;`. Duk wanda ke kan `mysql_native_password` a sabunta PHP ɗinsa a mayar da shi `caching_sha2_password`, domin a 8.4 tsohon tsarin a kashe yake zuwa, a 9.0 kuma an cire shi, kuma layin `default_authentication_plugin` in ya rage a `my.cnf` zai hana 8.4 tashi.