Wulwula Libarba a Finafinan Kaboyi

Ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu lokacin da na roƙi wani kafinta a unguwarmu ya yanka mini guntun katako siffar ƙaramar bindiga, ni kuma na lanƙwasa waya na kafa mata zobe a ƙasa, duk domin in kwaikwayi abu guda da nake gani a finafinan kaboyi. Jarumi zai harbi abokin gaba, hayaƙi yana fita daga bakin bindiga, sai ya saƙala ta a yatsa ya wulwula ta sau biyu ko uku kamar katantanwa, ta faɗa cikin kube ba tare da ya ko dubi kwankwasonsa ba. Na shafe damina guda ina gwadawa a bayan gida, katakon yana tsalle yana bugun ƙafata, wayar tana goge mini fatar yatsa. Sai da na girma na gane cewa laifin ba na hannuna ba ne kaɗai, domin katako ba shi da nauyin da zai ɗauki kansa ya kammala zagaye.

Bindigar da aka fi yin wannan wasa da ita ita ce libarbar kamfanin Colt wadda ta fito a 1873, wadda aka ƙera wa sojan Amurka, daga baya aka yi mata laƙabi da mai sulhu. Nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya, tana da ganga mai juyawa mai ramukan harsashi shida, kuma an fi saninta da tsawon baki iri uku, wato inci 7.5 da 5.5 da 4.75. Mafi yawan nauyinta ya taru a wajen gangar, dab da zoben ƙarfen da ya kewaye kunama, saboda haka idan aka zura yatsa manuni cikin zoben aka sake ta, sai ta rataya tana lilo, abin da ya rage kawai shi ne wuyan hannu ya ɗan ba ta ƙaimi a lokacin da ya dace. Gwani ba ya juya bindiga da ƙarfin yatsa. Yana sakin ta ne ta faɗi gaba, ya tare faɗuwar da ɗan motsin hannu sama, nauyin baki ya ja ƙota, nauyin ƙota ya ja baki, har ta dawo ta zauna a tafin hannu daidai inda ta tashi. Akwai juyin gaba da juyin baya, akwai wanda ake kwantar da hannu bindiga ta riƙa zagaye a kwance kamar faifai, akwai kuma cilla ta daga hannu zuwa hannu ko ta bayan kafaɗa. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan hoto suna cilla garma sama su cafe ta zai gane lissafin, domin nan ma sanin inda nauyin ƙarfe yake shi ne rabin aikin.

Ƙirar bindigar ma ta taimaka. Irin wannan libarba ba ta tashi don an ja kunama kawai, sai an fara ɗana ƙarfen bayanta da babban yatsa, shi ya sa yatsa yake iya zama cikin zobe yana gugar kunama alhali bindiga tana zagaye. Amma tsohuwar ƙirar tana da wani aibi sananne: idan ta faɗi ƙasa ta bugi ƙarfen bayan, kuma akwai harsashi a ramin da yake ƙarƙashinsa, tana iya tashi da kanta. Saboda haka ne masu hankali a wancan zamani suke zuba harsashi biyar su bar rami ɗaya babu komai. Masu wasan wulwula na gaskiya ba sa yi da bindiga mai harsashi ko ɗaya, kuma a wurin ɗaukar fim akan yi amfani da wadda aka tabbatar babu komai a cikinta, ko kwafinta na roba ko na ƙarfe mara nauyi. Abin da ya faru a jihar New Mexico a watan Oktoba na 2021, inda harsashin gaske ya fita daga libarba a wurin ɗaukar fim ɗin Rust ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya isa ya nuna dalilin wannan ƙa'ida.

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce ko mutanen yammacin Amurka na ƙarni na 19 sun yi wannan wasa a bakin faɗa. Abin da tarihi ya adana bai goyi bayan haka ba. Karon da aka fi ambata a matsayin na gaba da gaba irin na fim shi ne wanda aka yi tsakanin shahararren ɗan bindiga Wild Bill Hickok da wani mai suna Davis Tutt a garin Springfield na jihar Missouri a watan Yuli na 1865, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan mita 70, nisan da mai ƙaramar bindiga yake buƙatar natsuwa da saiti kafin ya sami mutum. Faɗan da ya fi kowane suna, wanda aka yi kusa da shingen dawaki na O.K. a garin Tombstone ranar 26 ga Oktoba, 1881, bai wuce kimanin daƙiƙa 30 ba, kuma Wyatt Earp, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi faɗan, da bakinsa ya shaida wa kotu cewa a aljihun babbar rigarsa ya sa bindigarsa. Kuben wancan lokaci mai zurfi ne, yana haɗiye mafi yawan bindigar, ana kuma ɗaura shi can sama a ƙugu domin kada ta zube idan doki ya yi sukuwa. Kuben nan da yake saukowa har cinya, wanda ake ɗaure ƙasansa da igiyar fata, ƙarni na 20 ne ya yaɗa shi, kuma masana'antar fim ce ta raine shi.

Juyi ɗaya ne kaɗai ake iya cewa yana da amfani a faɗa, shi ne wanda ake kira juyin ɗan fashin hanya. Idan aka ritsa mutum aka ce ya miƙo bindigarsa, sai ya miƙa ta ƙota gaba kamar mai sallamawa, amma yatsansa yana saƙale cikin zobe. Da zarar wanda ya ritsa shi ya miƙo hannu zai karɓa, sai ya kifar da ita ta yi rabin zagaye, ƙota ta faɗo tafin hannunsa, baki ya koma kan mai karɓa. Ana kuma kiran sa da sunan Curly Bill Brocius, saboda labarin da ya bazu cewa da shi ya harbi shugaban 'yan sandan Tombstone, Fred White, a ƙarshen Oktoba na 1880. Sai dai White, kafin ya cika bayan kwana biyu, ya ce shi bai ɗauki harbin a matsayin na ganganci ba, kuma shaidar da aka bayar ta nuna cewa bindigar ta tashi ne yayin da White ya kama bakinta yana ja, har aka sallami Curly Bill. Shi ma ɗan bindigar nan John Wesley Hardin ya rubuta a tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1896, cewa ya yi wa Hickok wannan dabara a garin Abilene a 1871, amma daga bakinsa kaɗai aka ji, kuma masana tarihi da yawa suna kallon maganar a matsayin cika baki. Fim ne ya ba wa dabarar cikakkiyar siffa. A The Outlaw Josey Wales na 1976, mutum biyu sun tsare jarumin fim ɗin, Clint Eastwood, a wani shago suka umarce shi ya miƙo bindigoginsa biyu ƙota gaba, kafin su rufe baki ya kifar da su ya gama da su.

Asalin wasan ya fi kusa da filin nishaɗi. Tun 1883 Buffalo Bill ya fara yawo da tawagarsa ta wasan dawaki da harbi, ya kai ta har Turai, kuma a irin wannan fili ne bindiga ta zama abin kallo kamar igiyar zarge. Da finafinai suka zo, sai aka sami mutanen da sana'arsu ke nan, koya wa 'yan wasa yadda ake riƙe bindiga. Rodd Redwing yana cikin na farkon da suka yi suna, shi ne ya horar da Alan Ladd saboda fim ɗin Shane na 1953. Arvo Ojala, wanda iyayensa 'yan asalin ƙasar Finland ne, ya ƙera kube mai ƙarfe a tsakanin fatarsa, wanda ba ya matse gangar bindiga, ta yadda mutum zai iya fara ɗana ta tun tana ciki. Ojala ne mutumin da James Arness yake harbewa a buɗewar shirin talabijin na Gunsmoke, wanda ya gudana daga 1955 zuwa 1975, wato malami ne ya yi shekaru yana faɗuwa a gaban jarumi kowane mako. A ƙarshen shekarun 1950 shirye-shiryen kaboyi fiye da 20 ne suke fitowa a talabijin ɗin Amurka da daddare, kuma kowane jarumi yana neman abin da zai bambanta shi da saura. Har mawaƙi Sammy Davis Jr. ya shahara da iya wulwula libarba. Doguwar bindiga ma ba ta tsira ba, domin tun a Stagecoach na 1939 aka faɗaɗa zoben da ake ɗana bindigar Winchester da shi saboda John Wayne ya iya juya ta da hannu ɗaya.

A ganina kuskure ne a auna wannan fasaha da ma'aunin faɗa, a ce tunda ba ta kashe kowa to shirme ce. Aikinta a fim shi ne ta faɗi halin mutum ba tare da ya buɗe baki ba. Lokacin da Shane, jarumin fim ɗin mai sunansa, ya gama da abokan gabarsa a mashaya ya juya bindiga ya mayar da ita kube, juyin gajere ne, babu ƙawa, kamar sa hannu a ƙarshen wasiƙa, kuma yana gaya wa mai kallo cewa wannan hannu ya daɗe yana wannan aiki, duk da mai hannun yana so ya daina. Yaro mai rawar kai kuwa, idan aka ga ya shigo gari yana wulwula bindiga kafin a yi komai, mai kallo ya riga ya san ba zai kai ƙarshen fim ba. Finafinan kaboyi na Italiya sun mayar da abin raha. A Trinity Is Still My Name na 1971, Terence Hill yana zaro bindiga ya mayar, ya mari abokin hamayya, ya sake zarowa, sau da yawa a jere, amma an ƙara wa hoton gudu ne. Nakan yi dariya idan na kalla, sai dai ba na sa shi a sahu ɗaya da wanda aka ɗauka da gudun hannun mutum, domin daɗin wannan wasa shi ne sanin cewa ƙarfen yana da nauyi kuma yana iya faɗuwa.

Fitowar da na fi komawa gare ta tana cikin fim ɗin Tombstone na 1993, wanda Thell Reed ya horar da 'yan wasansa kan riƙon bindiga. A cikin mashaya ne, Wyatt Earp yana zaune a teburin caca, abokinsa Doc Holliday yana tsaye kusa da shi, maye ya kama shi, tarin fuka ya cinye jikinsa, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Abokin gabarsu Johnny Ringo, wanda Michael Biehn ya fito a matsayinsa, ya tsaya a gaban Doc, suka yi musayar baƙar magana da harshen Latin. Nan take Ringo ya zaro libarba ya auna fuskar Doc, mashaya ta yi tsit. Maimakon ya harba, sai ya fara wulwula ta, gaba da baya, a tsaye da a kwance, idonsa yana kan Doc bai ƙifta ba, ƙarfe yana walƙiya a hasken fitila, har ya jefa ta kube jama'a suka ɓarke da tafi. Abin da ya sa fitowar ta tsaya da ƙafarta shi ne ana ganin fuskar Biehn da hannunsa a hoto ɗaya, babu damar a ce hannun wani aka aro.

Abin da Ringo ya yi barazana ce wadda doka ba za ta kama shi a kanta ba, ya kuma jefa Doc cikin tsaka mai wuya. Idan Doc ya zaro tasa bindigar, jini zai zuba a ɗaki cike da mutane, idan kuma ya yi shiru, an ci masa fuska a gaban gari. Val Kilmer, wanda ya fito a Doc, bai taɓa bindigarsa ba. Ɗan ƙaramin kofin da yake shan giya da shi ya saƙala a yatsa ta hannun kofin, ya shiga maimaita abin da Ringo ya yi, juyi bayan juyi, fuskarsa a ɗaure kamar mai aikin gaske. Dariya ta fara daga gefe ta game ɗakin, har da mutanen Ringo. Da na sake kallon wurin a hankali, ina tsayar da hoton ina mayarwa baya, sai na lura cewa kwaikwayon ya bi na Ringo kusan daki-daki, wato mutumin da ake zaton maye ya rufe masa ido ya ƙirga kowane motsi na hannun da wata rana zai fuskanta. Ringo ma ya gane haka, shi ya sa nasa murmushin bai kai ido ba. Kofi ba shi da nauyin libarba, kamar dai katakona na yarinta, saboda haka dole Kilmer ya riƙa tura shi da yatsa a kowane zagaye, ga shi kuma ya kai shi ƙarshe, ya sauke shi a kwankwaso kamar mai mayar da bindiga kube.