Kafin ka sake canza sil ɗin shokozobar gaba

Ƙannena masu koyon gyaran babur, idan kuka ga mai yana tsiyaya a jikin sandar shokozobar gaba, kada hannunku ya riga idonku. Lokacin da nake sabon hannu, da na ga yoyo sai in ɓalle tsohon sil, wato robar da ke tare man, in buga sabo, in ce an gama. Ba a jimawa mai babur zai dawo, man ya gangaro har kan birki. Ni kuma in ɗora wa sil laifi, in ce jabu ne, alhali ban taɓa tambayar kaina me ya kashe na farkon ba.

Sil roba ce mai siririn leɓe, sandar ƙarfe kuma tana shiga tana fita a cikinta muddin babur yana tafiya. Ɗigon tsatsa ɗaya, ko ɗan ramin da tsakuwa ta yi, ya isa ya yanka leɓen nan. Saboda haka ka wanke sandar tas, ka bi ta da farce daga sama har ƙasa. Duk inda farcenka ya maƙale, nan sil zai mutu. Idan ƙaramin tabo ne, samfefa mai laushi sosai, lamba 1500 ko 2000, da ɗan mai za ta shafe kaifinsa. Idan ramin ya yi zurfi, ko ka mirgina sandar a kan gilashi ka ga ta lanƙwashe, sai dai sabuwa. Ka duba bushin ma, wato zoben da ke riƙe sandar daidai a cikin bututunta, domin idan ya cinye sandar za ta riƙa wasa gefe da gefe, kuma babu sil ɗin da zai jure wannan.

Wani lokacin ma sil ɗin lafiyarsa ƙalau, ƙasa ce ta maƙale a ƙarƙashin leɓensa. Ɗaga robar ƙura ta sama, ka zura siririn filastik ka zagaya da shi, sau da yawa yoyon yakan tsaya.

Wajen sakawa ne na fi yin ɓarna. Na taɓa sa sil a kife. Gefen da ke buɗe, mai ɗan zoben sifirin, shi ke kallon ƙasa wajen mai, rubutun yana sama. Na kuma sha buga shi da sukudireba da guduma, ya shiga a karkace ko ya tsage. Nemi guntun bututun roba daidai faɗinsa ka tura shi a hankali har sai gurbin kilif, wato zoben wayar da ke riƙe sil ɗin, ya bayyana. Kafin nan ka lulluɓe bakin sandar da leda, ka shafa wa leɓen mai, don kada kaifin ƙarfe ya yanke shi tun bai fara aiki ba.

Mai kuwa, a bar zuba baƙin man inji da ka. Na shokozoba daban yake, galibi mai lambar kauri 10W ko 15W, kuma littafin babur ɗin ya faɗi adadinsa. Ana auna tsayinsa ne bayan an cire babban sifirin na cikin shokozoba an danne sandar har ƙasa, ƙafafun biyu kuma su zo daidai. Idan ya yi yawa, iskar da ta rage a ciki za ta matse fiye da kima, shokozoba ta yi tauri, man ya nemi hanyar fita ta sil.

Idan ka mayar da taya, danna gaban babur ɗin wasu lokuta kafin ka ɗaure kusoshin da ke riƙe da aksil, wato ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, don ƙafafun su zauna a miƙe. Takalmin birkin da ya sha mai kuma wanki ba ya ceto shi, canza shi za ka yi kafin babur ya hau titi.