Daga Ingila: ku kifa farantin ku duba kafin dillaliya ta ɗauka

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman iyayenmu mata da ƙannena da gadon kayan ɗaki ya faɗo hannunsu.

Ina rubuto muku ne daga Stoke-on-Trent, garin da tangaran ya gina. A nan Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa a 1759, a nan kuma gidan Spode suka ƙware a haɗin da ake zuba tokar ƙashin shanu a ciki, wajen ƙarshen ƙarni na 18, tangaran ɗin ya fito fari tas, ga rashin kauri ga ƙwari. Mutanen garin nan, ko a gidan abinci aka ajiye musu faranti, sai sun leƙa ƙasansa sun ga wa ya yi shi. Wannan ɗabi'a nake so mu ɗauka, don raina yana ɓaci idan na ji an kwashe jeren tsohuwa an sayar a kuɗin goro, ba wanda ya ko juya kofi ɗaya.

Tambarin da ke ƙasan kaya shi ne shaidar haihuwarsa. A 1890 Amurka ta yi doka cewa duk kayan da za a shigar mata sai da sunan ƙasar da aka yi su, saboda haka farantin da aka buga wa "England" galibi daga 1891 ne zuwa gaba. In kin ga "Czechoslovakia", tsakanin 1918 da 1992 aka yi shi, domin iyakar rayuwar ƙasar ke nan. "West Germany" kuwa 1949 zuwa 1990. "Occupied Japan" bayan yaƙin duniya na biyu ne, bai wuce 1952 ba. Takubba biyu shuɗaye a gicciye alamar masana'antar tangaran ta Meissen ce a Jamus, wadda ta fara aiki tun 1710, sai dai 'yan jabu sun daɗe suna kwaikwayonta, kada tambari kaɗai ya ruɗe ki.

Bayan tambari sai ido da kunne. Ɗaga kofin ki saita shi da hasken taga, ki sa yatsu a bayansa: in tangaran ne na gaske za ki hango inuwarsu. Ki ɗora faranti a tafin hannu ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye yana ƙara mai tsawo, wanda ya tsage ko da ido bai gani ba sai ya ce "ƙwaf" ya yi shiru. Gilashin da aka hura da baki sau da yawa yana da tabo a tsakiyar ƙasansa, inda aka ɓalle shi daga sandar maƙeri, na injin kuwa za ki ji siririn layi a gefe inda ɓangarorin mazubin da aka zuba shi a ciki suka haɗu. Gilashin da ya yi nauyi a hannu yana walƙiya, mai yiwuwa akwai dalma a haɗinsa. Don Allah kada a bar zoɓo ko lemo ya kwana a irinsa, tsami yana jawo dalmar cikin abin sha.

Maganar kuɗi kuwa, gara in faɗi gaskiya: yawancin tsofaffin kayan nan ba za su sayi fili ba. Ko a nan, a kasuwannin gwanjo na ranar Lahadi, ana zube su a bayan mota da arha. Abin da ke ɗaga farashi shi ne saiti ya cika, butar shayi da murfinta na asali, ruwan zinaren baki bai goge ba. Kuma kuɗin da wani ya yanka a intanet ba shi ne ƙima ba, ki nemi nawa aka sallama irinsa. Ɓalli ɗaya a baki yana karya kuɗi sosai, shi ya sa soson ƙarfe da toka ba su dace da waɗannan kaya ba, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa.

In za ki turo hoto a duba miki, kashe filashin waya ki koma bakin taga da hantsi. Gilashi yana son baƙin kyalle a bayansa, ta haka zanensa ke fitowa. Ki ɗauki gaba da gefe, ki ɗauki tambarin daga kusa har rubutun ya karantu, ki ajiye cokali a gefe don a gane girma. Inda ya ɓalle ma ki nuna shi, domin mai saye zai gani ranar da kaya suka isa hannunsa.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

'Yar uwarku a Ingila