Kafin yaro ya shiga firaktikal ɗin Kemistiri

A makarantun sakandare da dama a birnin Kano, ɗalibin kimiyya yakan kai aji shida bai taɓa zuba asid a buret (dogon bututun gilashi mai awo da famfo a ƙasa) da hannunsa ba. Lissafin taitireshan, wato auna yawan asid ɗin da zai kashe ƙarfin bes (kishiyar asid), ya haddace shi tsaf, amma ranar WAEC ko NECO, ko ranar gasar kimiyya ta JETS, sai hannu ya kama rawa. Firaktikal ɗin Kemistiri na WAEC awa 2 ne, maki 50, kuma kaso mai tsoka yana kan abin da yaro ya auna da kansa. Jihar da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977 bai dace a ce tana yaye yaran da ke tsoron kwalba ba.

Malamai sukan ce kayan aiki ne ke da tsada. Buret da fifet (bututun ɗibar ruwa daidai awo) kam sai an saya, amma ruwan gwajin ba wani abu ba ne. Giram 4 na kostik soda a lita ɗaya ta tataccen ruwa ya ba ka bes mai ƙarfin 0.1 mol/dm³. Wajen 8.6 cm³ na asid ɗin HCl mai kauri, a cika shi zuwa lita ɗaya, shi ma 0.1 ne. Asid ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid, kuma wannan aikin malami ne shi kaɗai. Kowane ɗalibi zai ci kimanin 150 cm³ na kowanne idan an haɗa da ɗauraya, wato aji mai mutum 40 lita 6 na asid da lita 6 na bes. Kada a haɗa da ruwan burtsatse ko na 'yan garuwa, gishirin da ke cikinsa yana ɓata sakamako. Soda kuma tana zuƙar danshi da iska, saboda haka a auna ta da sauri, a rufe kwalbar.

Wurin da maki ke zubewa shi ne ɗauraya. Buret da asid ake ɗauraye shi, fifet da bes, filas, kwalbar da ake haɗa su a ciki, kuwa da tataccen ruwa kawai. Yaron da ya ɗauraye filas da bes ya ƙara abin da bai auna ba, sai asid ɗin da zai ci ya haura. Wanda ya bar ruwa a buret ya tsinka asid ɗinsa, nan ma adadin ya haura. Sai mazurari: idan an manta shi a bakin buret, yana ɗigo a hankali yana canja awon farko. Sai kumfar iska da ke maƙalewa a tsinin buret, wadda ake kora ta hanyar buɗe famfon gaba ɗaya na ɗan lokaci kafin a fara. Ɗigon ƙarshe da ke saura a bakin fifet ba a hura shi, da shi aka ƙera ma'aunin.

Metil orenj, ruwan da ke nuna wurin tsayawa ta canjin launi, ɗigo 2 ko 3 ya isa. Yara suna son su antaya shi don launin ya fito, alhali yawansa ke ɓoye canjin. A cikin bes ruwan ɗorawa ne, inda ake tsayawa shi ne ya koma ruwan goro. In ya yi ja, an wuce. A sa farar takarda ƙarƙashin filas, hannun hagu a famfo, dama tana jujjuyawa, ido kuma ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan yayin karanta awo. A rubuta lamba biyu bayan ɗigo, 24.50 ba 24.5 ba, da biro, kai tsaye a cikin jadawali. Awo biyun da za a ɗauki matsakaicinsu kada tazararsu ta wuce 0.20 cm³.

A ganina tun aji biyar ya kamata a fara, sau ɗaya kowane mako biyu, yara bibbiyu suna musayar aiki. Rukunin mutum goma a kan buret ɗaya kallo ne kawai, mutum ɗaya ke koyo. Daga zango na biyu na aji shida a riƙa sa agogo: awo huɗu da jadawali cikin minti 30, don lissafi da gwajin gishiri su samu nasu lokacin. Waɗanda za su wakilci makaranta a gasa kuwa, malami ya riƙa canja ƙarfin asid ɗin ba tare da ya faɗa musu ba. Yaron da ya saba jin cewa amsa na kusa da 25 zai tsaya a nan ko launi bai canja ba, kuma da wannan dabarar ce za a gane shi tun kafin jarrabawar watan Mayu.