Bulon Baker Street

Talata, bayan isha'i

Yau an tashe mu aiki da wuri, ƙarfe uku da rabi. Wata bakwai ke nan ina ratsa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Baker Street, a Landan, safe da yamma, kullum cikin sauri, ban taɓa ɗaga kai na dubi rufinta ba. Yau na sauka dandamali na 5, na samu benci na zauna, na bar jirage uku suka wuce.

Wurin ya bambanta da sauran tashoshin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Babu zurfi sosai, 'yan matakala kaɗan ne daga titi. Rufin bulo ne zalla, an lanƙwasa shi bakan gizo, har ya tuna mini zaurukan da na cikin birni. A jikin bango akwai wasu kafofi a jere, sun karkata sama, an lulluɓe cikinsu da farin tayil. Yanzu fitila aka sa a ciki, amma asalinsu ta nan hasken rana ke shigowa, hayaƙi kuma ya fita. Domin lokacin da aka buɗe tashar, ranar 10 ga Janairu 1863, jirgin kwal ne ke bi ta cikin ramin nan, yana tuƙa hayaƙi, taragunsa na katako, fitilunsu na gas. Ranar farko mutum wajen 38,000 suka hau, daga Paddington zuwa Farringdon, tafiyar kilomita 6. Shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya. Sai a 1905 lantarki ya zo ya raba fasinjoji da tari.

Yadda suka gina shi ma ya burge ni. Titin suka fasa, suka haƙa wawakeken rami, suka shimfiɗa dogo, suka rufe da bulo, sannan suka mayar da titin a kai. Da diga da shebur. Na miƙa hannu na shafa bangon, sanyi ƙalau, ga ɗan kaushi. Kowane bulo a nan hannun wani lebura ne ya ɗora shi, wanda ba mai sanin sunansa yau.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Charles Pearson, lauyan hukumar birnin Landan. Shekara da shekaru yana fafutukar a yi wannan jirgi, don ma'aikata su samu barin cunkoson unguwannin tsakiyar gari, su zauna a waje inda akwai iska, su riƙa shigowa aiki da araha. Ya rasu a watan Satumba 1862, saura wata huɗu a buɗe. Bai ga ranar ba. Ni da nake biyan haya a bayan gari ina shigowa kullum, ai irina yake nufi. Wallahi sai da na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na haura sama, na taka zuwa babban masallacin Regent's Park na yi la'asar. Da na dawo tashar ta cika maƙil, dandamali goma duk jama'a, kowa ido a kan waya. Wata yarinya riƙe da hannun mahaifiyarta tana nuna kafofin nan da yatsa tana tambaya. Jirgina ya iso kafin in ji amsar da aka ba ta.