Maijego na kuka, an ce iska ce

Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe aka shigo mini da ita. Surukarta a gaba, mijin a baya riƙe da katin asibiti, ita kuma a tsakiya da goyo, idonta a ƙasa. Haihuwar fari, sati biyar. Ko zama ba su yi ba surukar ta ce, "Likita, yarinyar nan an yi mata ruƙiyya har sau uku, an ba ta rubutu ta sha, kukan ya ƙi tsayawa." Ni ba likita ba ce, aikina sauraron mutane da ba su shawara kan damuwa, amma na gaji da gyara wannan. Duk wanda ke bayan tebur a asibiti likita ne. Na sauya wasu bayanai a labarin nan don kada a gane ta.

Na roƙi Hajiya da ɗanta su ɗan jira a waje. Ƙofa na rufuwa na ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da barcin awa huɗu a jere?" Ta ɗago ta dube ni kamar na yi mata wani yare. "Tun kafin in haihu, Anti."

Kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa mata da yawa kan ji kuka na zuwa ba dalili, saboda sinadaran da ciki ya tara a jiki sun sauka lokaci guda. Wannan yakan wuce kafin sati biyu. In ya zarce, ga rashin barci ko da jariri ya yi shiru, abinci ba ɗanɗano, ga zargin kai, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 13 cikin 100 na masu jego na fama da irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuwa ya kusa 20. Muna auna shi da tambayoyi goma da aka tsara a Sukotilan a 1987, kan yadda mace ta ji a kwana bakwai da suka shige. Ta ƙarshe a kan tunanin cutar da kai ce, kuma ba na tsallake ta ko da zan ji nauyi.

Abin da ya fi cinta ba rashin barcin ba ne. In ta kalli yaron ba ta jin komai, sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ita muguwar uwa ce. Sau ɗaya ta gwada faɗa wa wata gwaggonta, aka ce, "Ki gode wa Allah, wasu nema suke ido rufe." Daga ranar ta ja bakinta ta tsuke. Na san da kyakkyawar niyya ake faɗar wannan magana, amma ban taɓa ganin macen da ta warkar ba.

Ba na raina al'adar jego. Kwana arba'in ana dafa miki, ana yi miki wanki, ana karɓar miki yaro, gata ne babba. Sai dai mun iya kula da jikin maijego mun bar zuciyarta. A tashe ta da asuba don wankan ruwan zafi, a ɗura mata kunun kanwa (likitocin zuciya a Zariya tun shekarun 1970 suke gargaɗi kan yawan kanwar nan), 'yan barka kuma su cika ɗaki har la'asar, ita tana murmushin dole.

Da na kira su ciki, da Hajiya na fara, don na san a hannunta gidan yake. Na ce addu'a kada a fasa, a dai ƙara da abu uku. Daga sallar isha'i zuwa tsakar dare yaro na wajenta ko wajen ubansa, da nonon da aka tatsa, maijego ta rufe ƙofa ta kwanta. 'Yan barka su dakata sai bayan azahar. Yayarta kuma ta riƙa zuwa sau biyu a mako, ba don aiki ba, don hira. Ita kuma na koya mata numfashi: ta ja tana ƙirga huɗu, ta saki a hankali tana ƙirga shida, duk lokacin da ƙirjinta ya fara bugawa. Sannan na tura su wajen likitan ƙwaƙwalwa, domin akwai magungunan da mai shayarwa za ta iya sha. Mijin ya ɓata fuska da ya ji sunan. "Ai ba hauka take ba, Anti." Na ce na sani, Malam, mai hawan jini ma ba sai ya faɗi ake kai shi asibiti ba.

Akwai wani nau'in da ba a jira da shi, mace ɗaya ko biyu cikin 1,000: sambatu, jin muryoyi, kwanaki ba runtsawa. Wannan a ranar ake kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, ko na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko asibiti mafi kusa.

Bayan sati uku suka dawo. Ba ta warke sarai ba, amma ta sa kwalli, kuma ita ta fara gaishe ni. Da za su fita Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta bari ɗan da matarsa suka yi nisa, sannan ta ce ƙasa-ƙasa, "Ni da na haifi wannan ɗin, a makewayi nake yin nawa kukan. Wata huɗu." Kafin in buɗe baki ta bi bayansu.